Zumunta a Ƙafa Take: Kwana Huɗu Tsakanin Maraɗi, Jiratawa da Tsibiri

Idan aka ambaci Maraɗi, abin da ke fara faɗowa a zuciyar mai sauraro shi ne kasuwa da Alhazai, da gujiya da jar akuya, da manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Kaɗan ne ke tuna cewa a cikin garin nan akwai wata ƴar ƙaramar al'umma ta Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika, mai cocinta da lakwal ɗinta da bishof ɗinta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, ƴan Katolika kuwa wani yanki ne kawai daga cikinsu. To amma ƙanƙantar al'umma ba ta hana ta tarihi, ba ta kuma raba ta da dangi. Labarin wannan mako na wani iyali ne da suka taso daga Yamai a watan Maris na 2025, suka yi kwana huɗu tsakanin Maraɗi da Jiratawa da Tsibirin Gobir, don neman ɗaure wata igiyar zumunta da ta yi shekara sittin da huɗu a tsinke. An sakaya sunayensu, domin sirrin gida na masu gida ne.

Mafarin lamarin

Su biyar ne a motar. Akwai maigidan, tsohon ma'aikacin baitulmali da ya aje aiki. Da matarsa, malamar lakwal. Da ɗiyarsu babba. Da autansu, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai. Sai kuma mahaifiyar maigidan, tsohuwa mai shekara tamanin da uku, wadda zanen Gobir ke kwance a kumatunta har yanzu. Saboda ita aka yi tafiyar.

A Tsibiri aka haife ta, a gidan Musulmi. Tana budurwa takan kawo talla Maraɗi lokacin cinikin gujiya, a nan ta haɗu da wani akawu ɗan Dahomey, ƙasar da ake kira Benin tun 1975, Bayaraben Porto-Novo, mabiyin Katolika. A zamanin nan yawancin akawuna da malaman lakwal da masu buga waya a ofisoshin Nijar daga Dahomey da Togo suka fito, domin can boko ya riga isa. Ta aure shi a 1961 ba da yardar mahaifinta ba, bayan ta yi karatun shiga addini an yi mata baftisma. Mahaifin ya rantse ba za ta sake taka zaurensa ba. A ƙarshen 1963 rikicin tsibirin Lete ya tashi tsakanin Nijar da Dahomey, gwamnatin Diori Hamani ta sallami ma'aikata ƴan Dahomey, mijin ya bi ayarin masu komawa kudu, ya bar ta a Maraɗi da goyo. Gidan uba a rufe, miji a wata ƙasa. Da tuyar ƙosai da wankau ta riƙe ɗanta har aka sasanta a 1965 mijin ya dawo. Shi tsibirin kuwa sai a watan Yuli na 2005 kotun duniya da ke Hague ta tabbatar wa Nijar da shi, lokacin akawun ya daɗe a ƙasa.

Da mahaifinta ya rasu a shekarar fari ta 1974, ta zo gaisuwa, aka tsayar da ita a ƙofar gida. Wanda ya tsayar da ita ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ta goya a bayanta. Ya ce rantsuwar uba ba ta mutuwa da uba. Yau shi ne babba a gidan, Alhaji ne, ɗan kasuwar hatsi da ake ji da shi. Da ciwon ƙafa ya fara kwantar da tsohuwar, sai ta kira ɗanta ta ce: “Ka kai ni in ga ƙanena tun ina gane mutane. In ya kore ni, na sauke nawa nauyin.”

Akwai wata damuwa ta biyu da maigidan bai faɗa wa kowa ba. Autansa yana ɗan shekara bakwai ranar 17 ga Janairu 2015, sa'ad da aka ƙona coci-coci a Yamai, kwana ɗaya bayan an ƙona na Damagaram, sakamakon zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa. Mutum 10 suka rasa rayukansu a kwanaki biyun nan. Yaron ya ga hayaƙin daga bisa katangar gidansu, tun daga ranar kuma yakan ce shi da ya gama karatu zai bar ƙasar, domin su baƙi ne a cikinta. Uban yana so ya nuna masa ƙasar da aka binne cibiyar kakarsa.

A kan hanya

Sun taso da asubar Asabar, 22 ga Maris. Tsakanin Yamai da Maraɗi tafiyar sama da kilomita 650 ce, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Galmi da Gidan Rumji. A shekarar nan azumi biyu suka haɗu: watan Ramadan ya kama a farkon Maris, azumin Kiristoci na kwana arba'in kuma ya soma ranar Larabar Toka, 5 ga watan. Saboda haka tsohuwar ta hana a ci komai a bainar jama'a. Ta ce wanda zai sha ruwa ya sunkuya a cikin mota ya sha, kada ya tsaya gaban mai ƙishirwa yana ɗaga gora.

A rediyon motar suka ji cikakken labarin abin da ya faru jiya Juma'a a Fambita, cikin gundumar Kokoru ta jihar Tilaberi, inda ƴan bindiga suka kewaye masallaci ana salla suka kashe mutum 44. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Motar ta yi tsit har suka wuce Galmi, garin albasa, inda asibitin da ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950 yake karɓar marasa lafiya daga ko'ina. Da la'asar sakaliya suka ratsa ta gefen Tsibiri. Tsohuwar ta juya fuskarta wajen garin har ya ɓace mata, ba ta ce uffan ba. A Maraɗi suka kwana, gidan wani tsohon abokin aikin maigidan, Musulmi, wanda ya share musu ɗakuna biyu, aka kuma yi buɗa-baki da su.

Lahadi a babbar coci

Babbar cocin Katolika ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Maryamu ta Lurdu. Lurdu wani ƙaramin gari ne a kudancin Faransa, inda wata yarinya mai suna Bernadette Soubirous ta ce Maryamu ta bayyana gare ta sau 18 a shekarar 1858. Cocin ta zama mazaunin bishof ranar 13 ga Maris 2001, lokacin da Fafaroma Yohana Bulus na Biyu ya raba Nijar gida biyu, ya ware Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa daga ƙarƙashin Yamai. Bishof na farko shi ne Ambroise Ouédraogo, haifaffen Wagadugu. Yankin da aka danƙa masa ya kusa ninka faɗin ƙasar Faransa, amma mabiyan da ke cikinsa ba su kai jama'ar unguwa guda ta Maraɗi ba.

Da yawa daga masu karatu sun sha wucewa ta ƙofar cocin nan ba su san abin da ake yi ciki ba. Babbar ibadar Katolika sunanta Misa, kashi biyu gare ta. A kashi na farko jama'a kan fara da neman gafarar zunubi, sannan a yi karatu: nassi daga Tsohon Alkawari, sai Zabura da ake rerawa, sai wani yanki na wasiƙun manzanni, sai Linjila, wadda ake tashi tsaye domin saurarenta. Daga nan limamin, wanda ake kira fada, ya yi wa'azi, jama'a su furta shahadar bangaskiyarsu, a yi addu'a domin ƙasa da shugabanni da marasa lafiya da matattu. A kashi na biyu ake kawo gurasa da ruwan inabi bisa bagadi, fada ya maimaita kalmomin da Linjila ta ce Almasihu ya faɗa a jibinsa na ƙarshe. Ƴan Katolika sun yi imani cewa daga nan gurasar da inabin sun zama jikinsa da jininsa, shi ya sa ba a ba wanda ba a yi wa baftisma ba, ba a kuma ba mai babban zunubin da bai je ya yi ikirari ba. Kafin a karɓa, kowa kan juya ya ba na kusa da shi hannu, ya yi masa fatan salama. A kwanakin azumi fada kan sa riga shunayya, ana rage kiɗa, ana barin nama ran Juma'a.

Tsohuwar ta raɗa wa jikarta cewa lokacin da ta fara shiga coci da Latin ake yin Misa, fada yana ba jama'a baya, ita kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya. Babban taron bishof-bishof na Vatikan, wanda ya zauna daga 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a. Shi ya sa a yau mai shiga cocin zai ji Faransanci da Hausa, ya ji waƙoƙin ƴan Benin da Togo da Burkina da na Ibo ƴan kasuwa, kowa da muryar garinsu. Taron nan ne kuma ya fitar da wata takarda ranar 28 ga Oktoba 1965, wadda a cikinta cocin ta bayyana girmamawarta ga Musulmi a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya, masu salla da azumi da sadaka, masu darajanta Maryamu, ta kuma yi kira da a bar gabar da ta wuce.

Karatun Lahadi ba zaɓin fada ba ne. Tsararre ne, yana zagayowa duk shekara uku, iri ɗaya a duk duniya. Na ranar 23 ga Maris 2025 ya zo kamar an auna shi da halin da ƙasa take ciki. Na farko labarin Annabi Musa ne gaban kurmin da ke cin wuta bai ƙone ba, inda aka umarce shi ya tuɓe takalmansa, labarin da duk wanda ya karanta Suratu Ɗaha ya sani. Linjilar kuwa daga Luka ce, sura ta 13: an kawo wa Almasihu labarin wasu Galilawa da gwamna Bilatus ya kashe suna tsakar miƙa hadaya, shi kuma ya ce kada kowa ya zaci sun fi sauran mutane zunubi, kowa dai ya duba kansa ya tuba. Sai ya ba da misalin itacen ɓaure da ya yi shekara uku bai yi ƴaƴa ba. Mai gona ya ce a sare shi, mai kula da gonar ya roƙa a ƙara masa shekara guda, ya yi masa kaftu ya zuba taki. Ba wanda ya ji labarin mutanen da aka kashe a wurin ibada bai tuna Fambita ba. Bayan an tashi, tsohuwar ta sa aka riƙe ta zuwa gaban siffar Maryamu, ta kunna kyandir, ta ja carbinta domin mamatan. Autan ya tambaye ta: “Kaka, ai ba namu ba ne.” Ta dube shi ta ce: “Kai ne dai ba ka san naka ba.”

Garin ƴan gudun hijira

Da yamma maigidan ya ɗauki ɗansa suka gangara wajen fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, suka tsaya inda tudu ya ƙare, kwarin Gulbi ya shimfiɗu a gabansu. Ya nuna masa inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau da mutane bisa tudu aka yanka musu tituna miƙaƙƙu. Ya gaya masa cewa su kansu sarakunan garin da gudu suka zo. Birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen jihadi a 1807, zuriyar sarautar Haɓe suka yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa ma haka: Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama, Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Ya ce masa: “Garin da waɗanda aka kora daga gidajensu suka gina, da wane baki zai kira wani baƙo?”

Shi ma addinin Kirista ba jiya ya fara leƙo ƙasar Hausa ba. A 1711 wasu limamai biyu na ƙungiyar Faransiskawa, da suka taso daga Tarabulus ta Agadas, sun rasu a Katsina ba su bar mabiyi ba. A zamanin Turawa ƴan mishan na SIM, waɗanda ba Katolika ba ne, su suka riga: Damagaram a 1924, Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920. Ƴan Katolika sun buɗe mishan ɗinsu na farko a Yamai a 1931 ta hannun Fada François Faroud, Yamai kuma ta sami bishof na farko, Hippolyte Berlier, a 1961. Bambancin hanyoyin biyu a fili yake. SIM ta nemi Hausawan karkara, har ta bar cocin da Hausawa ke jagoranta. Katolika kuwa a wannan yanki ta fi zama cocin ma'aikata da baƙin ƴan kasuwa, ta fi ba da ƙarfi ga lakwal da magani da taimakon gaggawa, ba ta cika jan mutane su sauya addini ba. Ma'aikatan gwamnati da yawa, Musulmi ƴaƴan Musulmi, a lakwal ɗin mishan suka koyi karatu, suka fito da addininsu yadda suka shiga da shi.

Uban bai ɓoye wa ɗansa ɗaya fuskar ba. A watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, an kai wa coci da gidajen ƴan bori hari a Maraɗi. A watan Yuni na 2019 an ƙona wata cocin Protestan a unguwar Zariya bayan an kama wani limami. Ya ce duk wannan ya faru, amma an sha samun maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye Kiristoci, kuma manyan malamai sun fito sun yi tir.

Jiratawa da Danja

Ran Litinin suka nufi kudu, Jiratawa, inda ƙanwar tsohuwar take aure tun tana yarinya. Ita ce kaɗai ba ta yanke ba. Shekara da shekaru takan aika da daddawa da busasshen zogale Yamai a ɓoye, a hannun direbobi. Duk da zafin bazara, lambunan Jiratawa kore suke shar, albarkacin filin noman rani na kimanin hekta 500 da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, mai shan ruwan rijiyoyin burtsatse. Zogalen da ake ci a Maraɗi da ma wasu garuruwan Najeriya, kaso mai yawa daga wannan kwari yake fitowa.

Tsofaffin biyu suka rungume juna suka yi kukansu. Da aka natsa, ƙanwar, Hajiya ce, ta ce ta riga ta aika wa Alhaji tun shekaranjiya, bai ce a zo ba, bai kuma ce kada a zo ba. Ta ce: “Yaya, na san halinsa. Gobe ku isa gab da magariba. Mai azumi ba ya korar baƙo daga bakin tabarma, balle a goman ƙarshe. Ni ma da ni za a.”

Kafin su koma, ɗan Hajiyar, manomi, ya zaga da su Danja, inda SIM ta buɗe asibitin kutare a 1956, aka kuma ƙara masa sashen gyaran mata masu yoyon fitsari a 2012. A gonakin da ke gefen hanya ya nuna wa autan itatuwan gawo da kalgo da sabara tsaye a tsakiyar gona. Ya ce a zamanin kakanninsu na kusa wurin nan fili ne fetal, iska na kwashe ƙasa. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara rassan kututture ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Dabarar ita ce a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Bayan yunwar 1984 manoman jihar Maraɗi suka rungumi abin, ya bazu har masana suka ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Manomin ya ce: “Mu Musulmi ne, shi Kirista ne, itacen kuwa bai tambayi kowa ba.” Tsohuwar, da ke saurare daga cikin mota, ta ce ai ɓauren jiya ke nan.

Tsibirin Gobir

Talata 25 ga Maris rana ce babba a wurin ƴan Katolika: ranar tunawa da zuwan Mala'ika Jibrilu wurin Maryamu da bisharar haihuwa. Labarin yana cikin Linjilar Luka, yana kuma cikin Suratu Maryam, sura ta 19, wadda tarihin Musulunci ya ce Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya karanta gaban Najjashi, sarkin Habasha Kirista, lokacin da Musulmin farko suka nemi mafaka a ƙasarsa. A Labanan, tun 2010, ranar nan hutu ce ta ƙasa da Musulmi da Kirista suke yi tare.

Da hantsi suka fara biyawa wurin sistocin ƙungiyar Bayin Almasihu, wadda Uwa Marie-Catherine Kingbo, ƴar Senegal, ta kafa a Maraɗi a 2006. Kafin rasuwarta a 2021 ta buɗe lakwal a Tsibiri da wurin ciyar da yara masu tamowa a Ɗan Bako, ta kuma sha tara limamai da masu gari don a tattauna illar aurar da yara ƙanana. Mafi yawan ɗaliban ƴaƴan Musulmi ne. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƴan matan da ke fitowa daga aji da hijabansu. Ta ce da a zamaninta akwai irin wannan a garin, wataƙila da mahaifinta ya san cewa ba dodanni ta bi ba.

Rana ta yi ja suka tsaya ƙofar gidan. Zauren na nan inda yake, sai dai siminti ya maye gurbin laka. Alhaji na zaune bisa buzu da tasbaha, yara na jera kwanonin kunu da dabino. Hajiya ta yi sallama ta shige gaba. Maigidan ya durƙusa ya ce: “Kawu, barka da shan ruwa. Ga Inna na kawo.” Alhaji bai amsa ba. Ya dubi tsohuwar da ke dogare da sanda a daidai inda ya tsayar da ita shekara hamsin da ɗaya da suka wuce. Sai idonsa ya faɗa kan saurayin da ke riƙe da hannunta, ya ce: “Wannan Bayaraben fa, wa ya ba shi izinin tsayawa a kan ubangidansa? Kai, zo ka ɗauki butata.” Mai karatu ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, ya kuma san ba a yin sa da bare. Yaron ya tsaya sororo, sai Hajiya ta tura shi ta ce: “Je ka, kakanka ne ke tsokanarka.” Ana haka ladan ya kira salla. Alhaji ya miƙe, ya ɗauki dabino uku, ya taka har bakin zaure ya sa a tafin yayarsa, ya ce: “Yaya, shigo daga ciki. Ƙafarki ba ta son tsayuwa.”

Bayan an dawo daga asham aka zauna magana, ba duka ce mai daɗi ba. Alhaji ya ce ya kai maganar rantsuwar gaban malamai tun bara, suka ce masa rantsuwa a kan yanke zumunta ba abin riƙewa ba ce, kuma bambancin addini bai sauke haƙƙin ɗan'uwa ba. Ya ce kunya ce ta hana shi aikawa. Sannan ya roƙe ta, da hawaye, ta dawo addinin iyayenta tun da sauran numfashi. Ta ce: “Alhaji, abin da na riƙe shekara sittin da huɗu, da shi na yi goyo, da shi na binne miji. Ka bar ni da Mai sama, shi ya san ni ya san ka.” Ya yi shiru, ya ce ba zai daina yi mata addu'a ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa dainawa ba.

Sai maganar gona. A fiƙihun Malikiyya babu gado tsakanin mabiya addini biyu, saboda haka da aka raba gonakin mahaifinsu a 1974 ba a sa da ita ba. Amma shari'ar da ta hana gado ba ta hana kyauta ba. Alhaji ya kira ƴaƴansa maza da limamin unguwa, ya ce su shaida ya ba yayarsa wata ƴar gona a bakin fadama, kyauta daga cikin rabonsa, a kuma je a yi takarda gaban hukuma don kada a bar wa na baya rigima. Ɗaya daga cikin ƴaƴan ya ɓata fuska, uban ya yi kamar bai gani ba. Daga ƙarshe tsohuwar ta yi tambayar da ta kawo ta: in ta mutu, zai zo? Ya ce cikin coci dai ba zai shiga ba, amma zai zauna a ƙofar gidanta kwana uku ya karɓi gaisuwa, kowa ya san ƴar'uwarsa ce ta rasu. Ta ce ya isa.

Abin lura

Ba wanda ya sauya addini a daren nan, ba a kuma ce saɓanin aƙida ya gushe ba. Musulmi bai yarda Almasihu ɗan Allah ne ba, Kirista bai bar faɗin haka ba, kuma ba a buƙatar ɗayansu ya yi ƙarya kafin su ci tuwo a kwano ɗaya. Ɗan kasuwar Maraɗi ya fi kowa sanin wannan, domin yakan ba Ibo bashin kaya na miliyoyi a kan amana, ya kuma karɓi nasa. Ma'aikacin gwamnati ma ya sani, domin ofis ɗaya yake zaune da wanda ke hutun Nowel, shi kuma ya aika masa da naman layya. Abin da ake iya yi da abokin ciniki da abokin aiki, bai kamata ya gagara da wanda aka sha nono ɗaya ba. Gidaje irin wannan suna nan a Tsibiri da Maraɗi da Dogon Dutsi da Damagaram, inda aka rufe ƙofa saboda wani ya bi wata hanya, tsofaffin da suka san mafarin faɗan suna ta ƙarewa, jikoki na tashi ba su san juna ba. Jikan da bai san danginsa ba shi ne ke saurin yarda cewa shi baƙo ne, shi ne kuma, a ɗaya ɓangaren, ke saurin ɗaukar ashana ranar tarzoma.

Iyalin sun koma Yamai ran Laraba da buhun hatsi da jar akuya ɗaure a bayan mota. Autan bai ce ya fasa tafiya waje ba. Amma ya karɓi lambar wayar jikokin Alhaji, kuma an ji yana tambayar ubansa watan da ake shuka a fadama, da ko hutun lakwal zai kai lokacin. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Fambita da sauran wurare, ya ba masu zumunta ikon sada ta tun suna da ƙafar takawa, ya zaunar da ƙasar Nijar lafiya. Amin.